Babi na Bakwai: Wa Ke Auna Tafkin Chadi?

A kasuwannin kudancin Kaduna, daga Narayi zuwa Barnawa da Sabon Tasha, idan aka cire tarwadar gidan gona, kifi iri biyu ne suka fi shiga tukunya. Akwai kifin ƙanƙara da ake kira titus, wanda jiragen ruwa ke saukewa a Legas daga tekun arewacin Turai. Akwai kuma banda, baƙin kifin da aka ƙyafe aka cusa a kwali, wanda tun shekarun 1960 babbar hanyarsa ita ce Baga zuwa Maiduguri, daga nan ya bazu har Anaca da Legas. Mai cefane farashi kawai yake tambaya, amma tazarar da ke tsakanin kifayen nan biyu ta wuce ta ɗanɗano. Titus kifi ne mai lissafi. Tun 1902 ƙasashen da ke kewaye da arewacin tekun Atilantika suka kafa majalisar binciken teku ta haɗin gwiwa, ICES, mai mazauni a Kopenhagen, kuma tun 1977 jiragen bincike na ƙasashe da dama kan fita tare duk bayan shekara uku su ƙirga ƙwayayen kifin nan a cikin ruwa, don a ƙiyasta yawan iyayen da suka zuba su. Da wannan lissafi ake ba gwamnatoci shawarar tan nawa ya kamata a kama. Shi kuwa banda, alƙaluman da ake yawo da su a kansa galibi ƙiyasi ne da aka ɗora a kan tsohon ƙiyasi. Abin da nake son kafawa a babin nan shi ne, Tafkin Chadi, wanda shi ne tekunmu mu mutanen tudu, ba ya aunuwa daga ƙasa ɗaya ko cikin shekara goma, kuma duk lokacin da aka yanke babbar shawara a kansa da gajeren awo, sai an yi asarar da ta ninka kuɗin awon sau ba adadi.

Dalili na farko yana cikin halittar tafkin kansa. Ruwan da masuncin Doron Baga ke jefa taru a cikinsa ba a sararin samaniyar Najeriya ya sauko ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da koguna ke zuba wa tafkin ta Shari da Logon yake zuwa, kogunan da suka taso daga Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru, suka haɗu a Injamena kafin su faɗa tafkin ta kudu. Komadugu Yobe, mai kwaso ruwan Kano da Jigawa da Bauchi, abin da yake kawowa bai kai kashi 5 ba. Shi ya sa tafkin ke cika cikin hunturu, wajen Disamba da Janairu, watanni bayan ɗaukewar damina a Barno, domin ambaliyar kudu ce ke isowa a makare. Ga shi ba zurfi gare shi ba, 'yan mitoci ne kawai, rana kuma tana shanye kimanin mita 2 na ruwansa kowace shekara. Kamar ruwa ne a kan tire: a ƙara kofi ɗaya ya malale ko'ina, a rage kofi ɗaya rabin tiren ya bushe. Saboda haka mutumin da ke zaune a Baga yana kallon gaɓa ba shi da hanyar sanin abin da zai same shi a Janairu, sai in wani a Sar ko Mundu ko Injamena ya karanta ma'aunin kogi a Satumba ya aiko masa da labari.

Dalili na biyu shi ne tsawon numfashin tafkin ya fi rayuwar gwamnati, har ma ya fi rayuwar aikin ma'aikaci. Jean Tilho, sojan Faransa da ya jagoranci ayarin shata iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909, ya tarar da tafkin a tsuke, arewacinsa ya koma fadama da tsandauri, kuma shi ne daga baya ya kasa yanayinsa gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. Damunan 1950 zuwa farkon 1960 suka zo da albarka, har a 1963 faɗin ruwan ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Cikin wannan yalwar ne Abubakar Tafawa Balewa da Diori Hamani da Ahmadu Ahidjo da François Tombalbaye suka sa hannu a Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ranar 22 ga Mayu 1964, suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. A daidai lokacin kuma cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, ta girke masanan ruwa da na kifi a gaɓar tafkin sama da shekara goma. Sa'ar da ilimi ya yi ita ce, suna nan da ma'aunansu fari ya auko a 1972 da 1973. A gabansu tudun da ya ratsa daga wajen Baga zuwa gaɓar Chadi ya fito fili ya raba tafkin biyu, a 1975 kwarin arewa ya ƙafe. Sun rubuta yadda kifayen sararin ruwa irin su giwan ruwa suka ja baya, tarwada da karfasa da gaiwa da bargi, masu jure ruwan fadama mai ƙarancin iska, suka gaje wurin. Wani masani mai suna Stauch ya bi ta wata hanya mai ban sha'awa: daga 1969 zuwa 1976 aka riƙa ƙirga lodin busasshen kifi da motoci ke shigowa da shi Maiduguri. Lissafin ya nuna kamu ya yi tashin gwauron zabi wajen 1974, sannan ya faɗo. Ɗan kasuwa ya ga shekarar arziki, alhali kifi ne ya matsu a ɗan ruwan da ya rage ana kwasarsa. Ba don an haɗa ƙirgen motoci na Najeriya da ma'aunin ruwa na Chadi ba, da an karanta labarin a baibai.

Najeriya ta riga ta biya kuɗin gajeren awo sau ɗaya, kuma da tsada. Aikin noman rani na kudancin tafkin da aka kafa a Sabon Marte ƙarƙashin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi an tsara shi ne don shayar da kadada sama da 60,000 ta alkama da shinkafa, da hanyar ruwa da aka haƙa ta wajen Kirinowa, da manyan injinan ɗaga ruwa, da tashar wutar lantarki tata ta kanta. An ɗora tsarin a kan tsayin ruwa na shekarun yalwa. Kafin a buɗe kashin farko a 1979 tafkin ya riga ya sauya hali, kuma da farin 1984 ya zo, ruwan ya janye nesa da bakin hanyar da aka haƙa masa. Ƙaramin kaso kawai na filin aka taɓa shayarwa. Takardun Tilho suna nan a ɗakunan karatu tun kafin a haifi injiniyoyin aikin, suna shaida cewa tafkin ya taɓa tsukewa haka a farkon wancan ƙarnin. Manoman da aka ɗebo don aikin, da yawansu, sai suka bi ruwan da ƙafa, suka shuka masara da wake a danshin da ya bari, suka samu abin da injinan ba su ba su ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan yaɗuwa, don har yau yana bakin shugabanni: wai tafkin ya rasa kashi 90 cikin 100 na ruwansa kuma yana dab da ɓacewa. Maganar tana da asali. A 2001 masana biyu na Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Michael Coe da Jonathan Foley, suka wallafa bincike da ya ce faɗin tafkin ya sauko daga murabba'in kilomita 25,000 zuwa kusan 1,350, suka kuma ɗora wa noman rani rabin laifin raguwar da aka samu daga 1983 zuwa 1994. Hotunan hukumar NASA suka zagaya duniya, shuɗin 1963 a hagu, ɗan ɗigon baya a dama. Matsalar ita ce an kwatanta ƙololuwar shekarun ruwa da gindin shekarun fari, kuma idon tauraron ɗan'adam na lokacin sararin ruwa kawai yake gani, duk ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyayi da kaba sai ya ɗauke shi tudu. Da Hukumar Tafkin Chadi ta nemi IRD ta tara ƙwararru daga ƙasashen tafkin da Turai, ƙarƙashin Jacques Lemoalle da Géraud Magrin, rahoton da suka fitar a 2014 ya nuna tun 1973 tafkin yana yanayin da Tilho ya kira ƙarami, yana kai-komo tsakanin murabba'in kilomita 2,000 da 14,000 gwargwadon damina da wata, kuma ruwan da noman rani ke ɗiba bai kai ya bayyana tsukewar ba, ƙarancin ruwan sama a kudu ne babban sanadi. A 2020 wani binciken da Binh Pham-Duc da Florence Sylvestre da abokan aikinsu suka wallafa, wanda ya haɗa bayanan taurari iri-iri, ya tabbatar cewa cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin ƙaruwa yake. Wanda ya ga ambaliyar Injamena ta 2022, ko ya ga Maiduguri a Satumba 2024 bayan ɓallewar dam ɗin Alau, ba zai yi mamakin wannan ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki in an ɗan kambama lalacewar, tunda hakan ne ke jawo hankalin duniya? A ciki akwai dala biliyan 50. Shirin Transaqua, wanda kamfanin Italiya na Bonifica ya zana tun wajen 1980, yana son haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 ta tare rassan kogin Kwango ta juyo da su cikin Shari. Taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a Fabrairu 2018 ya rungume shi, 'yan majalisar Kwango Kinshasa kuwa suka ce ba da ruwansu ba. Hujjar shirin gaba ɗaya ta tsaya a kan cewa tafkin na mutuwa. Rahoton 2014 ya zo da wani abu da masu son cika tafkin ba su cika ambato ba: ƙaramin tafki, mai cika ya janye duk shekara, shi ne ya fi ciyar da mutane. Janyewar ce ke barin ƙasa mai laka da danshi ga mai masara da wake, ta bar ɗanyar ciyawa ga Shuwa da Fulani da Buduma, fadamar kuma ta zama makwancin tarwada. Rahoton ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 2 ke zaune a gaɓa da tsibirai, abincin da suke fitarwa kuma yana kaiwa ga kusan miliyan 13. Cikinsu akwai Hausawa masu yawa, jikokin Kabawa da Sakkwatawa da Haɗejawa da suka bi su da noma suka zauna. A mayar da tafkin yadda yake a 1963, gonakin nan ne za su fara nutsewa. Wannan ba ya nufin kada a taɓa maganar ƙaro ruwa, musamman don kwarin arewa da ke ƙafewa ya bar mutanen Diffa da Kukawa a bushe. Yana nufin a san nawa, zuwa ina, kuma gonar wa za ta tafi.

Ga suka mafi nauyi, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Masu ita suna cewa wannan haɗin gwiwa suna ne kawai: Bature ke kawo kuɗi da tambaya, ɗan ƙasa ya riƙe masa jaka ya yi tafinta, sakamakon ya fito da Faransanci a ajiye shi a Mompeliye. Littafin da ya tattara aikin ORSTOM, wanda Carmouze da Durand da Lévêque suka shirya a 1983, masunta nawa suka san da shi? Wasu ma suna zargin cewa Faransa ba ta son Transaqua ne don kamfanonin Italiya da Sin ne a gaba, shi ya sa masananta ke cewa tafkin lafiya lau. Rabin farko na sukar gaskiya ce. Rabi na biyu kuwa maganinsa ɗaya ne, wato a auna da kai. Tsayin ruwa a Bol ko Baga ba shi da fasfo, wanda ya kafa sanda ya karanta ta shekara talatin zai iya ƙaryata kowa. A nan ne laifin ya dawo gida. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da aka kafa a Maiduguri a 1975 sunan tafkin kawai take ɗauke da shi yanzu, aikinta inganta irin alkama da gero da sha'ir ne, binciken kifin ruwan daɗi kuma tun 1987 aka danƙa shi ga cibiyar da ke Sabuwar Busa, can gaɓar Kainji, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Baga. Ƙasar da ta fi kowa cin kifin tafkin, ta fi kowa zuba wa Hukumar kuɗi, ita ce ke zuwa taro da alƙaluman aro. Wanda bai kawo awonsa ba dole ya karɓi na wani, ko ya ƙi shi ba hujja.

Misalin Haɗejia da Nguru ya nuna abin da ke faruwa idan ɗan gida ya shiga binciken da ƙafarsa. Bayan dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 sun sauya ambaliyar fadamun, aikin da ƙungiyar IUCN da abokan aikinta suka soma a 1987 ya haɗa masana irin su Ted Hollis da Bill Adams na Ingila da Muhtari Aminu-Kano. Lissafin da Edward Barbier ya yi da su ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama, ta hanyar shinkafa da kifi da itace da kiwo, yana ba da riba ninki da yawa fiye da in an tare shi don noman rani na kogin Kano. Lissafin nan ya zama makamin masu adawa da dam ɗin Kafin Zaki, ya kuma taimaka har jihohi shida suka zauna a Damaturu a 2006 suka kafa asusun kula da kogin. Ciyawar kacalla dai ba ta daina toshe hanyoyin ruwa ba.

Suka ta biyu ta masu cewa ana yaƙi wa ke ta ma'aunin ruwa. Gaskiya ne tun harin Baga na Janairu 2015 gaɓar Najeriya ta gagari mai bincike, kwalejin kifi ta tarayya da ke can ta koma Maiduguri, sojoji sun hana cinikin kifi na wani lokaci, Nijar ta yi haka da kifi da tattasan Diffa, masu ɗauke da makamai kuma suna karɓar haraji a hannun masunta. Amma rikicin tafkin nan tun asali da motsin ruwa yake tafiya. Tsibiran da janyewar ruwa ta fitar ne suka haɗa sojan Najeriya da na Chadi faɗa a 1983, lokacin Muhammadu Buhari na kwamandan runduna ta uku a Jos. Masunta da manoma 'yan Najeriya da suka bi ruwa har Darak, gwamnati ta bi su da makaranta da 'yan sanda, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 10 ga Oktoba 2002 cewa ƙasar Kamaru ce, aka miƙa ƙauyuka sama da talatin a ƙarshen 2003. Kuma labarin nan mai daɗin faɗa, wai ƙafewar tafki ce ta haifi Boko Haram, binciken cibiyar adelphi ta Jamus na 2019 ya rushe shi: abin da ke karya mutane shi ne rashin sanin yadda damina da ambaliya za su zo, haɗe da shingayen tsaro da suka hana su sauya sana'a daga su zuwa noma zuwa kiwo kamar yadda suka saba. In an ɗauki cutar a matsayin ƙarancin ruwa, kuɗin zai tafi haƙa rami a dajin Kwango, mutumin Kukawa kuwa hanyar kasuwa da hasashen ambaliya yake nema.

Masu cewa tauraron ɗan'adam ya wadatar sun manta shi ne ya ɓatar da mu a farko. Tun 1992 taurari na auna tsayin ruwan tafkin daga sama, daga 2002 zuwa 2017 tagwayen taurarin GRACE sun auna nauyin ruwan da ke ƙasa, kuma a shekarun da ba a shiga gaɓa su ne kawai idon da ya rage. Sai dai kowane awo nasu yana buƙatar sandar ƙasa da za a gwada shi da ita, kuma ba tauraron da ke ƙirga tarwada a gura, ko ya faɗi wa ke da ikon kafa shingen kifi na dumba a wane mashigi da nawa ya biya bulama. Irin wannan sani sai wanda ya zauna da masunta, kamar yadda masu binciken Jami'ar Potsmos ta Ingila da takwarorinsu na Jami'ar Maiduguri suka yi a shekarun 1990, inda Marie-Therese Sarch ta nuna cewa gida ɗaya kan koma daga su zuwa noma gwargwadon tsayin ruwan shekarar.

Ba na da'awar cewa awo yana tilasta wa gwamnati bin gaskiya. Ko titus ɗin nan mai lissafi, tun wajen 2010 da kifin ya karkata arewa, Noway da Tarayyar Turai da Aisland da tsibiran Faro suka kasa daidaitawa kan rabo, jimillar abin da suke kamawa ta riƙa wuce shawarar masana shekara bayan shekara. Bambancin shi ne can kowa ya san da nawa aka wuce gona da iri, kuma gardamar a kan lamba ɗaya ake yin ta. A nan ma takarda ba ta yi ƙaranci ba. Yarjejeniyar Ruwan Tafkin Chadi da shugabanni suka amince da ita a Injamena a Afrilu 2012 ta wajabta musayar bayanai da sanar da maƙwabta kafin a yi babban aiki a kan kogi. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, ƙetaren kogi daga Narayi, tun 1979 take horar da ma'aikatan ruwa, kuma a cikinta UNESCO ta ajiye cibiyar yanki ta kula da kwarurukan koguna. Abin da ya rage aiki ne marar armashi, wanda ba a yanka masa kirtani a gaban kyamara: a gyara ma'aunan Gashuwa da Gaidam da Damasak, a biya mai karanta su albashi a kan kari, a dawo da ƙirgen kwalayen banda a hanyar Baga da kasuwar kifi ta Maiduguri, a tura ɗaliban Maiduguri da Diffa da Marwa da Injamena su yi digiri a kan ruwa ɗaya da bayanai ɗaya, a ajiye kwafin komai a gida. Sannan tsayin Shari a Injamena cikin Oktoba ya fita a rediyo da Hausa da Barbarci da Larabcin Shuwa, ya isa ga mai masara a Marte tun bai zaɓi inda zai shuka ba.